Wahalar nan wanki ne Allah yake mini? Amsa ga wata 'yar'uwa a Damagaram

Wata 'yar'uwa daga nan Damagaram ta rubuto mini, ga gundarin maganarta. Cikin shekara biyu maigidanta ya rasu, ruwan damina ya rushe mata ɗaki, ɗan jarin da take juyawa a Kasuwar Dole ya narke wajen sayen magani, ga autanta yau lafiya gobe ciwo. Ana haka sai aka turo mata wa'azi ta WhatsApp. Mai wa'azin yana cewa duk wanda masifa ke bi a jere, Allah ne yake wanke shi daga wani ɓoyayyen zunubi, kuma ƙarshen duniya ya riga ya iso bakin ƙofa, saboda haka a daina neman abin duniya, a cire yara daga lakwal, wato makarantar boko, a shiga dogon azumi. Ta ce: "Baba, wankin ne ake mini? In shi ne, me na yi? Kuma yaya zan shirya wa zuwan Ubangiji?"

Ɗiyata, sannu. Sannu da rashi, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da aka bari. Kafin in shiga bayani, ga abu biyu da nake so ki riƙe tun yau: kada ki cire yaran nan daga lakwal, kuma kada ki shiga wani azumin da zai kayar da ke alhali ke kaɗai ce ke tsaye a kan gidan. Dalilin yana tafe.

Tambayarki ta "me na yi" tsohuwa ce ƙwarai, kuma Littafi Mai Tsarki ya amsa ta fiye da sau ɗaya. Abokan Ayuba su uku sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, a nan sun kyauta. Da suka buɗe baki sai suka ɗauko irin wa'azin da aka turo miki: ai Allah ba ya kama mutum haka kawai, tona cikinka ka faɗi abin da ka aikata. Babi bayan babi suna matsa masa. A ƙarshen littafin, a 42:7, su ne Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba. Haka almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). A Luka 13 kuwa shi da kansa ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce kada kowa ya ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Gini ne ya faɗo musu, ɗiyata, kamar yadda ɗakinki ya faɗi. A daminar 2024 har tsohon masallacin unguwar Birni da ke nan Damagaram ya rushe, gini mai shekara fiye da ɗari da hamsin, tare da gidajen jama'a masu ɗimbin yawa a ƙasar nan. Ruwa ya jiƙa ginin ƙasa har ya gaza ɗaukar kansa. Wanda ya tsaya a kan kangon gwauruwa yana lissafa mata zunubi ya ɗauki aikin da Allah bai ba shi ba.

Akwai kuma wani kuskure a cikin wa'azin da ya fi wannan nauyi. Yana sa mutum ya ɗauka wahala tana biyan bashin zunubi, wato in ka sha wuya sosai sai littafinka ya yi fari. Wannan ba koyarwar bishara ba ce. Abin da ke tsarkake mu daga dukkan zunubi jinin Yesu ne, haka 1 Yahaya 1:7 ta faɗa, kuma an riga an zubar da shi sau ɗaya tak. Da hawayenmu na iya wanke mu, da ba a yi gicciye ba. In akwai abin da lamirinki ke tuna miki da sunansa, ki furta shi ga Allah, ki gyara da wanda kika ɓata wa, an gafarta miki, magana ta ƙare. In kuwa kin duba ba ki ga komai ba sai wani duhun tsoro marar suna, to wannan ba muryar Ruhu Mai Tsarki ba ce. Shi in zai tsauta, yakan nuna abu ƙarara, ya kuma nuna ƙofar fita.

To me gwaji yake yi ke nan, tunda manzanni sun yi ta maganar wuta da zinariya? Ki je wurin maƙerin fari wata rana ki tsaya ki duba. Za a kawo masa tsohuwar azurfa, ɗan kunne da ya karye, zobe da ya lanƙwashe, duk sun yi baƙi. Ya zuba su cikin 'yar tukunyar ƙasa da ba ta wuce tafin hannu ba, ya binne ta a gawayi, yaronsa yana ta zuga. Azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 960. In ta narke, ƙazantar da ke cikinta takan taso sama ta yi kamar ɓawo, shi kuwa yana tsugune, idonsa bai bar tukunyar ba, ya kwashe dattin, ya ce wa yaron ya sassauta ko ya ƙara. Abu biyu za ki lura da su. Wutar ba ita ta mai da ƙarfen azurfa ba, da ma azurfa ce aka kawo. Kuma maƙeri ba ya ɓata gawayinsa a kan abin da ba shi da daraja. Shi ya sa Bitrus, da yake rubuta wa masu bi da ke warwatse a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya ce bangaskiyarsu ce ake gwadawa, wadda ta fi zinariya tamani (1 Bitrus 1:6-7). Bai ce musu ana hukunta su ba. Annabi Malakai kuma, a 3:3, ya ce Ubangiji zai zauna kamar mai tace azurfa. Kalmar "zauna" ɗin nan ta daɗe tana ta'azantar da ni. Kuma ki lura da waɗanda aka ce za a fara tacewa a ayar: 'ya'yan Lawi, wato firistoci. Mu masu tsayawa a bagade mu ne a sahun gaba, kafin a zo kan gwauraye da marayu.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, wuta ba kullum take tsarkakewa ba. Irmiya 6:29-30 ya ba da hoton maƙerin da ya yi ta zuga, dalma ta ƙone ƙurmus, amma tacewar ta tashi a banza. Na ga mutanen da wahala ta mai da su masu taushin zuciya, na kuma ga waɗanda ta mai da su masu ɗaci har ba a iya zama kusa da su. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi wannan tunani bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410. Ya ce wuta ɗaya ce ke sa zinariya ta yi ƙyalli ta kuma sa ƙaiƙayi ya yi hayaƙi. A Girkanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anar gwaji da ta jaraba. Yakubu ya yi amfani da tushenta a 1:2, inda ya ce mu ɗauki gwaji abin farin ciki, ya sake amfani da shi a 1:13, inda ya ce Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Rashin da kika yi, Shaiɗan yana so ya zama igiyar da zai ja ki da ita zuwa fid da zuciya. Allah kuwa yana iya riƙe ki a cikinsa har ki fito da bangaskiyar da ta san abin da ta dogara a kai.

Bari in ba ki nawa, don kada ki ce daga littafi kawai nake magana. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 kin san abin da ya faru a garin nan, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa. Aka ƙone majami'u, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama a Yamai. Mutum kamar goma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, masu bi da yawa a nan suka kwana a barikin soja. Mu maƙwabcinmu ne ya ɓoye mu, wani dattijo Musulmi da muka shekara ashirin muna gaisawa ta kan katanga. Ya shigar da ni da iyalina ɗakin uwargidansa, ya sa aka ja labule, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da carbinsa. Ina jin muryarsa yana ce wa wasu samari babu kowa a nan sai iyalinsa. Da dare uwargidan ta dama mana fura, ta ɗauki jikata ta goya don ta daina kuka. Allah ya saka musu.

Bayan kwana uku na je inda muke sujada. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya zube, bencina sun zama toka, na tsinci bangon littafin waƙoƙi rabi a ƙone. Abin da ya taso mini a zuciya a wurin ban taɓa sanin yana cikina ba. Shekaru ina koyar da a ƙaunaci maƙiyi, sai ga shi in na ga wani saurayi a kan kabu-kabu, zuciyata na cewa ko yana cikinsu. Makonni na yi in mun zo wurin nan na addu'ar Ubangiji da ke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai bakina ya yi nauyi, in yi shiru jama'a su wuce. Wutar ba ita ta zuba mini ƙiyayya ba, tarar da ita ta yi a kwance a ƙasan tukunya. Ban ce Allah ne ya aiko masu ƙonawa ba, mugunta mugunta ce, kuma wanda ya yi zai amsa. Amma Allah bai bar wannan zafi ya tafi a banza ba. Ya nuna mini dattina, ya kuma kwashe shi a hankali, da yawa ta hannun dattijon nan da ya zauna a zaure. Duk lokacin da zuciyata ta so ta yi wa mutanen garin nan kuɗin goro, sai in tuna da furar uwargidansa. Irin wankin da na sani ke nan, kuma bai yi kama da abin da aka turo miki ba ko kaɗan.

Wani abu kuma, a taƙaice. Cewa Allah yana aiki cikin wahala ba ya nufin a rungume hannu a zauna cikinta. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). Bulus an zurara shi cikin kwando ta katangar Dimashƙu, wata rana kuma da za a yi masa bulala ya fito da haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma. Yaro mai zazzaɓi gidan likita ake kai shi, a yi addu'a a hanya. A ƙasar da sanƙarau ke zagayowa da zafin bazara, rigakafi ma ni'imar Allah ce.

Yanzu maganar ƙarshen zamani. Na gaskata Yesu zai dawo, a bayyane, kowane ido zai gan shi, zai yi wa rayayyu da matattu shari'a. A kan wannan bege na binne iyayena, a kansa kuma kika binne maigidanki. Kuma na san abin da ya sa wa'azin nan yake kama zuciya. Tun 2015 ake jin labarin hare-haren Boko Haram a Diffa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, wuta ta yi ta ɗaukewa, tiyar hatsi ta yi tsadar da mai iyali ke tsayawa gaban mai awo yana lissafi da yatsu. Sai ga ambaliya. Mutum ya ɗaga kai ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe, ba zan ga laifinsa ba. Amma ki tambayi tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, lokacin da dabbobi suka zube a daji mutane suka bar garuruwansu. Su ma haka suka ce. Yesu ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa a Matiyu 24, ya ce kada hankalinku ya tashi, ƙarshen tukuna, wannan farkon naƙuda ne. Ke uwa ce, kin fi ni sanin naƙuda. Ciwon yana tabbatar da cewa haihuwa na tafe, amma ba ya faɗin sa'a. A aya ta 36 kuwa ya rufe ƙofar lissafi gaba ɗaya: ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. Da almajirai suka sake tambaya bayan tashinsa, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne, nasu shi ne su zama shaidu (Ayyukan Manzanni 1:7-8).

Duk da haka ba a daina sa rana ba, kuma kowane karo talakawa ne ke biyan kuɗin. A Amurka mabiyan William Miller sun jira 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye. Harold Camping, mai gidan rediyo a can Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba ajiyarsu wajen tallan ranar, daga baya shi da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure. Na nahiyarmu sun fi ciwo. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, shugabannin wata ƙungiya sun ce duniya za ta tashi da ƙarewar 1999, mabiya suka sayar da abin da suka mallaka suka miƙa. Ranar 17 ga Maris 2000 ɗaruruwa suka ƙone a cikin ɗakin sujada, da gawarwakin da aka tono daga baya adadin ya haura 700. A dajin Shakahola na ƙasar Kenya, a 2023, an tono gawa fiye da 400, da yawa yara ne, bayan wani mai wa'azi ya ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Shi ma da hana makaranta da hana zuwa asibiti ya fara. Shi ya sa da na karanta wasiƙarki na ga "a cire yara daga lakwal", gabana ya faɗi. Ban san mai wa'azin nan ba, ban kuma ce niyyarsa ke nan ba. Amma na san inda wannan hanya ta taɓa kai mutane.

Ikilisiyar Tasalonika ta taɓa shiga irin wannan ruɗani. Wasu suka ce ranar Ubangiji ta riga ta zo, wasu suka ajiye aiki suna yawo gida gida. Bulus ya rubuta musu kada su yi saurin girgiza ko da an ce wasiƙar daga wurinsa ta fito, ya kuma ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci (2 Tasalonikawa 2:2 da 3:10). Wanda ya fi burge ni Irmiya ne. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi yana tsare a farfajiyar matsara, ya kuma san birnin zai faɗi don shi ne ya yi ta faɗa. A cikin wannan hali Allah ya ce ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda gaban shaidu, ya sa aka adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe (Irmiya 32). Kuɗin lakwal da kike haɗawa dala dala, irin wannan sayen gona ne.

In kina son sanin shirin da Yesu da kansa ya nema, ki karanta Matiyu 25 a zaune ɗaya, domin nan ya ci gaba da maganar bayan ya gama ambaton alamu. 'Yan mata goma suna jiran ango, duka goman suka yi barci, masu hikimar ma sun yi. Bambancin kawai, biyar sun zo da mai a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Man nan shi ne zaman ki da Ubangiji na yau da gobe, 'yar addu'ar asuba kafin a fita neman ruwa, aya ɗaya da kika karanta wa yara kafin su kwanta, zuwa sujada ko da zuciya ba ta so. Daga nan sai bayin da aka ba jari, wanda aka tsauta wa shi ne wanda tsoro ya sa ya haƙa rami ya binne nasa. Sai kuma shari'ar ƙarshe, inda Sarki bai tambayi kowa ko ya gane ma'anar lambar 666 da ke cikin Ru'ya ta Yohanna ko ya iya lissafin makonnin da ke cikin annabcin Daniyel ba. Ya ce na ji yunwa kun ba ni abinci, na ji ƙishirwa kun ba ni ruwa, na yi baƙunci kun sauke ni, na yi ciwo kun zo duba ni. A garin da mata ke kwana a layin famfo da jarka, ba sai an yi wa kowa fassarar "na ji ƙishirwa" ba. Bitrus ya ƙara da cewa abin da muke gani kamar jinkiri haƙurin Allah ne, ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9). Tun 1924 da 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka fara zama a nan Damagaram, fiye da shekara ɗari ke nan masu bi a nan 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta. Kowace shekarar da aka ƙara mana, dama ce ta zama da su da gaskiya da alheri.

Azumi kuwa ban hana ki ba. Yesu ya ce "in kuna azumi", ya san za mu yi. Ki yi na yini ɗaya in jikinki ya ɗauka, ki sha ruwa da yamma ki ci abinci, kada ki sa yara, kuma kada ki yi shi da nufin biyan wani bashi. Kuka ma kada ki hana kanki. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Zabura ta 13 da ta 88 an rubuta su ne saboda irin dararen da kike ciki, ki karanta su da ƙarfi in maganarki ta ƙare.

Wa'azin nan ki goge shi daga wayarki, kada kuma ki tura wa kowa. Ranar Lahadi bayan sujada ki tsaya ki sami fastonku ko ɗaya daga cikin dattawa, tare da shugabar zumuntar mata, ki faɗa musu halin da kike ciki dalla dalla, har da maganar jari da ta ɗakin da ya faɗi. Na san kunya za ta so ta hana ki. Kula da gwauraye aikin ikilisiya ne tun Ayyukan Manzanni sura 6, ba alfarma za su yi miki ba. Ki tafi da takardun maganin autan, a samu wanda ya san aikin lafiya a cikin jama'a ya duba su, a ga ko ciwon nan mai dawowa yana bukatar a kai shi babban asibiti. Ɗakin kuma a yi ƙoƙari samarin majami'a su tayar da shi tun da rani, kafin hadarin fari ya haɗu. In kin samu hali ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda jikin yaron yake.